Wa'azi ya ƙaru, ziyara ta ragu: ina fastocinmu daga Litinin zuwa Asabar?

Malamar Firamare:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Ina da tambaya, kuma ina roƙo kada a ɗauka ƙara na kawo. Sujadarmu ta Hausa ana shiga ƙarfe bakwai da rabi, ba a tashi sai goma da rabi ta gota, wani Lahadin ma masu sujadar Turanci suna tsaye a rana suna jiran mu fito. Sanarwa kaɗai tana cin rabin awa, ga waƙoƙin ƙungiyoyi bi da bi, ga baiko kashi uku, na Lahadi da na gini da na godiya, sannan wa'azi ya ɗauki awa guda. Ban ƙi ko ɗaya ba. Amma daga Litinin zuwa Asabar fa? A unguwarmu akwai tsofaffin da ƙafa ta hana su zuwa majami'a, akwai gwauraye, akwai waɗanda suka janye saboda kunyar bashi ko rigimar gida, kuma babu wanda ya taka ya je ya ce musu lafiya. Ni a ganina wannan ne ya sa wa'azin ma ba ya ratsa mutum kamar da. Wanda bai taɓa shiga gidanka ba, ta ina zai san abin da ke damunka? Ina so in ji ta bakin iyayenmu fastoci da dattawa.

Ɗan Kwaya:
Anti, a bar mana waƙa dai. In za a rage wani abu, a fara da sanarwa. Ana karanta wasiƙar gayyatar aure tun daga kan sunayen iyaye har lambar waya, alhali an riga an tura ta a WhatsApp.

Matar Fasto:
'Yar'uwa, na karanta saƙonki sau biyu kafin in amsa, don ban so in amsa da zafin rai. Abin da kika faɗa gaskiya ne, amma bari ki ji yadda abin yake daga cikin gida.

Maigidana shi kaɗai ne a majami'ar da masu sujada sun haura 600. Litinin da ake cewa ranar hutunsa, ita ce ranar da masu rigimar aure suke zuwa tun kafin ya wanke fuska. Talata ajin baftisma, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis zaman dattawa ko taron gunduma, Juma'a da Asabar in ba jana'iza ba to ɗaurin aure, wani lokaci a kai gawa har ƙauye a kwana a hanya. Wayarsa ba a kashe ta. Ƙarfe biyun dare za ta yi ƙara, in ji shi yana laluben takalmi a duhu, yana tura babur har bakin titi kafin ya tayar don kada yara su farka. Ya dawo da asuba da warin asibiti a rigarsa, ya zauna a kan benci da Littafi Mai Tsarki a cinya yana gyangyaɗi, ga wa'azin Lahadi bai haɗa ba.

Sai kuma man fetur. Kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, daga baya ta haura 1,000. Kuɗin man da majami'a ke ba shi bai motsa yadda farashi ya motsa ba. Sau da yawa daga kuɗin cefanena ake zuba man zuwa gaisuwar mara lafiya. Ba na faɗa don a tausaya mana ba, aikin da muka amsa ne. Amma idan aka ce ziyara ta mutu, a tambaya wa ya bar ta ga mutum ɗaya.

Malamar Firamare:
Mama, Allah ya ƙara muku ƙarfi, wallahi na ji wannan har raina. Sai dai duk abin da kika lissafa, mutane ne suke kiran Baba, ko abu ya riga ya faru. Ni damuwata waɗanda ba za su taɓa kira ba. Tsohuwar da ba ta da waya, ko magidancin da ya gwammace ya mutu da ya ce babu abinci a gidansa.

Baba Rabaran Mai Ritaya:
'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Dukanku biyu kuna da gaskiya, amma ni ina bayan Malama, ko da yake na san wahalar da Mama take faɗa, don uwargidana ta sha irinta.

Ina mai bishara a wani ƙauye, a watan Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, na shirya wa'azi a kan zakka daga Malakai sura 3. Na shirya shi da zafi, don baiko ya yi ƙasa ƙwarai. Ran Asabar da yamma na bi ta gidan wani ɗan'uwa da ba ya fashin sujada. Na tarar ya tafi cin rani bai dawo ba, murfin rumbu a ƙasa, matar ta dafa rama ta barbaɗa ɗan ƙuli, shi ne abincin daren yara. Da ta gan ni sai ta jawo faifai ta rufe kwanon. Ban ce komai ba, muka gaisa, muka yi addu'a, na wuce gida na gaba, can ma haka. Da dare na ajiye Malakai na ɗauko labarin Iliya da gwauruwar Zarefat. Bayan sujada na tara dattawa muka buɗe buhunan masarar gonar ikkilisiya.

Zakka tana nan a Littafi, na yi wa'azinta bayan kaka, kuma sun ji. Abin da nake so ku gane shi ne ƙafata ce ta gaya mini wace aya ce ta wannan Lahadin. Bulus da yake sallama da dattawan Afisa a Ayyukan Manzanni 20, ya tuna musu cewa ya koyar da su a fili da kuma gida gida. Bai raba biyun ba. A Ezekiyel 34 kuma, laifin da Ubangiji ya kama makiyayan Isra'ila da shi, ba rashin iya magana ba ne. Ba su ɗaure wadda ta karye ba, ba su komo da wadda ta ɓace ba. Yaranmu na yanzu sun fi mu karatu nesa ba kusa ba, suna fitowa daga makarantun tauhidi na Bukuru da Jos da Kagoro da Girkanci a bakinsu, ina kuwa murna da haka. Amma na zauna na saurari wa'azi mai kyau wanda za a iya yin sa a kowace majami'a a duniya ba a canza kalma ɗaya ba, kuma wannan shi ne ciwonsa.

Ɗalibin Tauhidi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ina neman izini in ɗan ja kaɗan. Ikkilisiyar da kuka yi kiwo a lokacin, gidaje nawa ne? Mai bishara zai iya zaga ƙauye da ƙafa kafin rana ta faɗi. Tsarin da muka gada an gina shi ne don ƙananan taro. Sujada ta farko ta Ekklesiyar 'Yan'uwa (EYN) a Garkida, ran 17 ga Maris 1923, a gindin tsamiya aka yi ta. Yau a Kaduna ko Jos ko Abuja mutum ɗaya ne a kan taron da ya bazu a unguwanni goma, amma muna jiran ya yi abin da mai bisharan ƙauye yake yi.

Littafi da kansa bai ɗora wa mutum ɗaya ba. A Ayyukan Manzanni 6, da aka yi gunaguni cewa ana manta gwaurayen masu jin Helenanci wajen rabon abinci, manzanni ba su ce za su ƙara ƙoƙari ba. Sun sa aka zaɓi mutum bakwai. Yetro ma abin da ya gaya wa Musa ke nan a Fitowa 18.

Akwai misalin da nake so ƙwarai. A 1742 a birnin Bristol na Ingila, mutanen John Wesley, wanda ya kafa ɗarikar Methodist, suna da bashin ginin ɗakin taronsu. Sai aka raba su rukuni rukuni, kamar mutum goma sha biyu, kowane rukuni da shugaban da zai bi su kowane mako ya karɓi kwabo ɗaya. Masu karɓar kwabon nan sai suka riƙa dawowa da labari: wane ba shi da lafiya, wane ya koma shan giya, gidan wane babu zaman lafiya. Wesley ya ga abin da ya daɗe yana nema ke nan, ya mai da rukunonin hanyar kiwon mutane. Mu ma muna da masu bin gida gida idan lokacin alkawarin kuɗin gini ya yi. Sunan kowa yana rubuce, an san wanda ya cika da wanda bai cika ba. Me zai hana wannan takardar ta zama ta ziyara?

Baba Rabaran Mai Ritaya:
Ɗana, ka yi karatu da kyau. Mu ma mun ga irinsa a nan, lokacin shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa a shekarun 1960, ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje, kowa ya san na kusa da shi. Na yarda a raba aikin. Abin da ban yarda ba shi ne fasto ya raba shi duka ya zauna a ofis. Ko gida biyu ne a mako, ya je da kansa.

Uwar Zumunta:
Ina ta karantawa ina jira in ga ko wani zai ambace mu, shiru. To bari in faɗa da bakina. Ziyarar da kuke cewa ta mutu, Zumuntar Mata ba ta taɓa ajiye ta ba. Mace ta haihu, mu ne da sabulu da garin kunu. An kwantar da wani a asibiti ba shi da mai jinya, mu ne muke raba kwana. An yi rasuwa, kafin fasto ya iso mun riga mun hura wuta, mun ɗebo ruwa, mun ɗauko tulu muna waƙa har gari ya waye. Bayan an watse, 'yan'uwa na nesa sun koma, mu ne muke komawa mu ga ko dangin miji sun kwashe mata kaya. Kowace unguwa muna da mai lura, ba mu jira wani littafi daga Ingila ba, ɗana, kada ka ji haushi.

Abin da ke mana ciwo biyu ne. Na ɗaya, idan muka kawo rahoto cewa gidan wance akwai matsala, sai ya kwanta a zaman dattawa wata da watanni. Na biyu, akwai abin da ba mu da ikon yi. Akwai wata tsohuwa da muke zuwa wurinta, ta yi baftisma tun kafin a haife ni, Littafinta ma tsohon juyi ne na 1932, duk ya rabu da bangonsa ta ɗaure shi da ƙyalle. Kullum muka je tambayarta ɗaya ce, yaushe za a kawo mata Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a majami'a. Tun da ƙafafunta suka riƙe ba ta ci ba. Wannan sai wanda aka naɗa. Mun faɗa, mun sake faɗa.

Ɗalibin Tauhidi:
Mama, ban ji haushi ba ko kaɗan. Ku ne kuke yin abin da muke rubuta jarrabawa a kansa.

Dattijo Ma'aji:
Tun da an taɓo dattawa, bari in amsa. Mama Uwar Zumunta, maganar rahoto da ke kwanciya gaskiya ce, zamanmu yakan ƙare a kan kwano da siminti da kason da za a tura sama, maganar mutane ta zo ƙarshe kowa ya gaji. Wannan ya kamata a juya shi, a fara da mutane.

Amma 'yan ikkilisiya ma da nasu. Yakubu 5:14 cewa ya yi mara lafiya ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a. Sai mu je mu biyu, mu bar aikinmu, mu zauna, mu karanta Zabura, mu yi addu'a, mu ajiye ɗan abin da aka samu. Bayan mako guda ka ji ana cewa ai coci ba ta zo ba. Me ya sa? Don Baba bai zo ba. Muddin mutanenmu suna ganin addu'ar fasto ce kaɗai take isa sama, ko rukuni ɗari aka yi ba za su ƙoshi ba. Wannan kuwa daga bagadi za a gyara shi, a koyar.

Ɗan Kwaya:
Baba Ma'aji, da girmamawa, akwai dalilin da ya sa mutane suke ƙirga zuwan fasto. Suna ganin gidajen da babur ɗinsa yake tsayawa. Mai mota ya yi mura an je, mai tura baro ya kwanta wata guda an aika gaisuwa. Ba ko'ina ba, amma yana faruwa, kuma talaka yana gani.

Sannan mu matasa, gaskiya da yawanmu ba ma son a zo. Wani abokina ya buɗe cikinsa ga wani fasto a kan abin da yake fama da shi. Lahadi biyu bayan haka sai ga labarinsa a wa'azi. Ba a faɗi suna ba, amma an faɗi sana'arsa da unguwarsu, duk layin matasa aka juya ana kallonsa. Daga ranar bai sake shiga ba. To Baba Rabaran, idan ziyara ce za ta ciyar da wa'azi, ina iyakar?

Baba Rabaran Mai Ritaya:
Tambaya mai nauyi, ɗana, kuma abin da aka yi wa abokinka zunubi ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Ka lura, ranar da na yi wa'azin gwauruwar Zarefat ban ambaci rama ba, ban ambaci rumbu ba. Matar tana zaune a gabana, da na yi haka da na tsiraita ta. Abin da ka gani a gida yana gaya maka wace aya za ka buɗe da irin muryar da za ka karanta ta. Ba ya hawa bagadi tare da kai. Ko uwargidana ba ta jin abin da aka faɗa mini a asirce. Kuma tun da muna maganar iyaka: fasto ba ya shiga ɗakin matar aure ko budurwa shi kaɗai. Ya tafi da matarsa ko da dattijo, a zauna a tsakar gida. Na ga ma'aikata nagari da wannan sakaci ya rushe. Ka nemi abokin nan naka, kada ka bar shi.

Mai Kula da Zaure:
Wata 'yar'uwa ta turo mini wannan ta gefe, ta ce in sa ba tare da sunanta ba.

"Ni an sa ni a horo saboda na yi ciki ban yi aure ba. Ban ce ban yi laifi ba. An karanta sunana a gaban jama'a, an cire ni daga kwaya, na koma bencin baya. Na karɓa. Abin da ya fi mini zafi shi ne duk tsawon horon nan babu wanda ya zo gidanmu, ko fasto ko dattijo. Waɗanda suka zauna suka yanke hukuncin ba su sake tambayar yadda nake ba sai ranar da za a dawo da ni. Na haihu a cikin horon. Mata biyu na Zumunta ne suka zo da dare, kamar masu ɓuya. Shi kuwa wanda ya yi mini cikin ya koma wata majami'a a wani gari, yana ma buga musu jita. Ina tambaya, horo don a gyara mutum ne ko don a huta da shi?"

Uwar Zumunta:
'Yata, Allah ya share miki hawaye. Matan nan biyu ba su yi laifi ba, da rana ma ya kamata su zo.

Dattijo Ma'aji:
Wannan ya taɓa ni, don ina cikin masu irin wannan zama. Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u. Ba a komo da mutum daga nesa. Duk wanda aka sa a horo, a ranar ya kamata a ba shi dattijo ɗaya da mace ɗaya daga Zumunta masu zuwa wurinsa har ya fita. Zan kai wannan zamanmu. Maganar namijin kuma, majami'ar da ta karɓe shi ba ta nemi takardar shaida daga inda ya fito ba, nan ne aka yi sake.

Ɗan'uwa daga Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan ba mu da yawa, ikkilisiya ta gidaje ashirin ko talatin babba ce, fastocinmu da dama suna noma ko wata sana'a don su ci. Amma kowa ya san gidan kowa, in an kai mutum asibitin Galmi, kafin dare an san wanda zai bi shi da abinci. A watan Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu, 'yan'uwa sun yi sujada a gidaje da cikin gine-ginen da suka ƙone, kuma a wurare da dama maƙwabta Musulmi ne suka ɓoye mutane. Fasto da ya san ƙofar kowa shi ne ya iya tattara mutanensa a makon nan. Ku da kuke da yawa, kada yawan ya sa ku rasa wannan.

Ɗan Michika:
Haka muka gani mu ma. Ran 29 ga Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka shiga hedkwatar EYN a Kwarhi, shugabanni suka koma Jos na ɗan lokaci. Mutanenmu suka watse, wasu Yola, wasu Jos da Abuja, wasu har sansanin Minawao a Kamaru. Babu bagadi, babu lasifika, babu rajista. Fastocin da muke tunawa da su har yau su ne waɗanda suka bi mu ɗaki ɗaki a gidajen da aka sauke mu, suna tambaya wa ya tsira, wa ba a gani ba. Wanda ya zo wurin mahaifiyata bai yi wa'azi ba, ya zauna a ƙasa ya bar ta ta faɗi sunayen waɗanda ta rasa, ya rubuta su a bayan Littafinsa, ya yi addu'a da sunan kowanne.

Matar Fasto:
Na ji duka, kuma ba zan kare abin da bai kamata a kare ba. Na nuna wa maigidana wannan zaren, ya yi shiru ya ce maganar tsohuwar nan da Jibi ta tsaya masa a rai, don mu ma muna da irinta. Amma ina roƙon dattawa abu biyu. Ku ɗauke masa kwamitin gini da lissafin kuɗi, ba don su aka naɗa shi ba. Kuma ku sa kuɗin man ziyara a kasafi da sunansa, kada ya zama sai ya roƙa. Sannan wani lokaci ku ma ku zo gidan fasto ba da matsala ba, ku tambaye shi yaya yake.

Malamar Firamare:
Mama, na karɓi wannan. Baba Ma'aji, na yarda a koyar da mu mu daraja zuwan dattawa, amma har yanzu ina tare da Baba Rabaran cewa wanda zai hau bagadi ran Lahadi ya kamata ya shiga wasu gidaje da kansa a cikin makon. Tambayata ta ƙarshe: maganar Jibi ga waɗanda ba sa iya fita, ta wace hanya ake bi? Akwai tsofaffi a layinmu da nake so a kai musu.

Baba Rabaran Mai Ritaya:
Kowace ɗarika da tsarinta, amma yadda muka saba, ki rubuta sunayensu da unguwanninsu ki ba sakataren ikkilisiya kafin Lahadin Jibi, ki ba shugabar Zumunta kwafi don ta bi sawu. Bayan sujada Rabaran ya tafi da dattijo ɗaya da mata biyu ko uku masu waƙa. In majami'arku ba ta da wanda aka naɗa, a nemi na gunduma, ko wani mai ritaya da ke kusa, yawancinmu muna zaune ne kuma za mu so a kira mu. Kada ki sa sunayen a nan zauren, ki kai hannu da hannu.

Dattijo Ma'aji:
Ki kai kafin ranar zaman dattawa, Malama, don a sa shi a ajanda. In ya wuce, sai wani watan.